Amsa Daga Dutsen Tula

Hansatu, hotonki ya iso ran Talata,
ina bakin rumbu ina kakkaɓe riɗi.
Ɗan fure ne, launin makuba da aka sirka da madara,
ba ganye ko ɗaya,
ya ɓullo daga tsakuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba.
Kika rubuta: "Baba, nan Kubrus
sai kaka ta kama suke farkawa.
Malamarmu ta kai mu kan dutse, ta hana mu tsinka.
Mu ma muna da irinsu?"

Shekara talatin ina malamin gona.
Na san taki, na san tazarar masara,
amma tambayarki ta same ni ba hula.

Shi ya sa jiya, kafin rana ta yi ƙarfi,
na ɗauki sandar kakanki na bi ta Wange,
ta gonakin da aka tokare da jerin duwatsu,
inda dawa ta sunkuyar da kai don nauyi.
Gwiwata ta hagu tana ta mita.
Ban tanka mata ba.

A rabin hawa na tarar da Saraya mai awaki.
Ta ce, "Malam, akuya ce ta ɓace maka?"
Na ce fure nake nema.
Ta yi dariya har goron bakinta ya faɗi,
ta ɗauka, ta hure, sannan ta shige gaba.

Ga tinya tsaye cikin tsagar dutse,
ƙaya a waje, farin dafi a ciki.
Ga zabuwa ta baje ganyenta mai ɗigo-ɗigo,
ta fara miƙa wuya,
amma jan furenta sai an share masussuka.
Gatarin kurege ya gama cin wutarsa,
saura kwanso yana lilo a jikin sabara.

Na ce, "Albasar kwaɗi fa?"
Ta ce, "Ka makara da wata biyar.
Ruwan fari take jira,
ta yi kwana uku da farin mayafi, ta koma."
Ta durƙusa inda ni ban ga komai ba
sai busasshen ganye kamar tsohuwar igiya,
ta tona da tsinke.
Ga ta.
Fara, dunƙulalliya, da sanyi kamar gindin randa.
Na ɗora yatsa a kanta
kamar yadda nake taɓa goshinki in kina barci.

Muka mayar da ƙasa, muka danne.

Can sama, inda iska ke kwashe magana,
inda Kaltungo ta zama kamar gero a faifai,
nan muka ga rumana guda ɗaya tak
da ta ƙi bin 'yan uwanta,
ruwan ɗorawa da ɗigon ja a maƙogwaro,
ƙudan zuma ya shige ciki, ɗuwawunsa kawai ake gani.
Na ɗaga waya. Hannuna ya yi rawa.
Rabin hoton babban yatsana ne,
rabi kuma ƙafar Saraya.
Haka zan turo miki, in layi ya yarda.

To ga amsarki.
Muna da su.
Sai dai lokacin da naku ke buɗe ido
namu sun ja bargon ƙasa.
Kamar ni da ke:
kina tashi karatun dare, ina naɗe tabarma.

Na taka wannan dutse tun ina ɗan tsirara,
ban taɓa tambayar me ke kwance ƙarƙashina ba
sai da kika haye Bahar Rum.

Na sa duwatsu uku a wurin, ɗaya kan ɗaya.
In hutunki ya dace da ruwan fari,
mu hau tare, ki riƙe mini sanda.

Riɗi ya yi kyau bana.
Kada kuɗin makaranta ya hana ki barci.